Kwala Lumfur ko Bankok: hutun kwana takwas da iyali, ina ya kamata mu nufa?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san hanya. Na samu hutun kwana takwas a watan Disamba, ina so in fita da maiɗakina da mahaifiyarmu, mu uku ke nan. Garuruwa biyu muka tsaya a kansu, Kwala Lumfur ta Maleshiya da Bankok ta Tailan, amma mun kasa fitar da gwani.

Hajiya ta haura sittin, tana fama da ciwon gwiwa, doguwar tafiyar ƙasa ba tata ba ce, kuma ba ta wasa da lokacin salla ko abin da za ta kai baki. Maiɗakin kuwa tana da ɗan shagon kayan yara a Sabon Gari, tana so ta haɗa da ɗan sari, ba mai yawa ba, iya abin da zai shiga jakunkunanmu. Daga nan Zariya za mu tashi, ko ta Kano ko ta Abuja. Wane gari ya fi dacewa da mu, kuma waɗanne takardu za mu fara nema? Sannan tunda an ce awa biyu ne kawai tsakaninsu a jirgi, zai yiwu mu taɓa duka biyun?

Malamin Samaru:

Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce ta fi saurin ɓata wa mutane tafiya. Taura biyu ba ta taunuwa. Kwana takwas ɗin nan, ka cire uku tun yanzu. Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa ɗayansu, sai an yada zango a Doha, ko Adis Ababa, ko Istanbul. Idan ka haɗa zaman jirgi biyu da jiran da ke tsakani, awa 18 zuwa 24 ne zuwa, haka dawowa, ban da hanyar Zariya zuwa Kano. Sannan Kwala Lumfur tana gabanmu da awa 7, Bankok da awa 6. Ma'ana ƙarfe goman dare a Kwala Lumfur, jikin Hajiya yana ganin ƙarfe uku ne na rana, barci ba zai zo ba, da safe kuma ta kasa tashi. Ranar farko ta tafi a haka. Abin da ya rage muku kwana biyar ne, idan kuka raba su gida biyu kun ƙara biza, kun ƙara tikiti, kun ba filin jirgi yini guda. Ƙananan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin garuruwan kuma tikitinsu mai araha kilo 7 na jakar hannu kawai ya ƙunsa, duk jakar da ta wuce haka kuɗinta daban. Arahar ta tashi a banza.

Da dattijuwa a tafiyar, ni Kwala Lumfur zan ce. Dalilin farko abinci. Musulmi ne mafi rinjaye a Maleshiya, kuma hukumar JAKIM ce ke ba da shaidar halal, za ka ga tambarinta manne a ƙofar gidan abinci ko kusa da wurin biyan kuɗi. Shagunan da ake kira mamak, na Musulmi 'yan asalin Indiya, suna ko'ina, da yawansu ba sa rufewa sai tsakar dare ko ma su kwana a buɗe. A can za ta samu farar shinkafa da miyar kaza ko ta rago, da roti canai, wata gurasa mai laushi da ake soyawa a faranti a ci da miyar wake, da shayi mai madara. Bakin da ya saba da tuwo ba zai sha wahala da waɗannan ba. Wuri ɗaya zan ja kunnenka: titin Jalan Alor, wanda kowa ke turawa baƙi can cin abincin dare. Yawancin rumfunansa na 'yan asalin Sin ne, akwai naman alade da giya. In ana son cin abincin dare a waje, a tafi unguwar Kampung Baru.

Na biyu salla. Kusan kowane babban kanti, da filin jirgi, da manyan tashoshi, da gidajen mai na kan babbar hanya, akwai ɗakin salla da suke kira surau, na maza daban na mata daban, da wurin alwala, har da hijabai a rataye don mai bukata. A ɗakin otal ka ɗaga kai ka duba silin, yawanci akwai 'yar kibiya an rubuta Kiblat. Kada ta ba ku mamaki in kun ga ta nuna yamma, don daga can Makka tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa. Lokutan ma sun sha bamban da namu: asuba wajen ƙarfe shida saura, azahar bayan ƙarfe ɗaya, magariba sai bakwai ta gota. Shafi'iyya suke bi, saboda haka liman zai bayyana bisimilla, kuma a asuba zai yi ƙunutu a bayyane bayan ɗagowa daga ruku'u, jama'a na ɗaga hannu suna amin. A faɗa wa Hajiya tun daga gida, kada ta zaci an yi rafkanuwa.

Na uku gwiwa. Wuraren gani a Kwala Lumfur suna kusa da juna, kuma motar Grab, ta haya da ake kira ta manhajar waya, ba ta da tsada, za ta ɗauke ku daga ƙofa zuwa ƙofa. Hasumiyoyin Petronas, masu tsayin mita 452 da hawa 88, lif ne zai kai ku gadar da ta haɗa su a hawa na 41, sannan ya wuce da ku hawa na 86. Masjid Negara, babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 1965, yana dab da gidan adana kayan tarihin Musulunci, inda akwai tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu da ƙananan siffofin masallatan Makka da Madina. Abin da za ku tsallake shi ne kogon Batu. Matakala 272 ce, kuma wurin bautar Hindu ne, ga birai masu fizgar leda.

Hajiyar Sabon Gari:

Malam ya yi bayani, Allah ya saka. Amma ƙanena, kada a shafe bukatar 'yar'uwata a cikin lissafin. In maganar sari ce ta kayan yara, Kwala Lumfur ba ta kama ƙafar Bankok ba. Titin Jalan Tuanku Abdul Rahman da Jalan Masjid India suna da kyau wajen yadi, mayafai da hijabai, amma yawanci farashin ɗai-ɗai ne, kuma da yawan kayan yaran da ke can su ma shigo da su ake yi. In ta saya ta ɗora riba, mai saye a Zariya zai ce mata ai ya gani a Kwari ƙasa da haka.

A Bankok unguwa ɗaya za ku zauna, Pratunam, ku gama kusan komai. Kantin Platinum yana nan, gini ne mai hawa-hawa da sanyin na'ura da lif, shaguna sun fi dubu. Ƙa'idarsu ita ce, in ka ɗauki guda uku ko sama da haka a shago ɗaya, sai a ba ka farashin sari, kuma yawanci ana yarda a cakuɗa launi. Tsallaken titi akwai kasuwar asuba da ke ci a kewayen dogon benen Baiyoke, tana farawa tun duhu, kafin ƙarfe tara an fara naɗe kaya. Wanda ya je da hantsi ya makara. Kasuwar Bobae kuma ita ce ta 'yan dozin, can ne kayan yara suka fi araha, amma ba a cika yarda a zaɓi ɗai-ɗai ba, ƙunshi ake ɗauka daga ƙaramin lamba zuwa babba. Kasuwar Chatuchak Asabar da Lahadi take ci sosai, fili ne mai faɗi da zafi, ba wurin da za a ja Hajiya ba ne.

Inda ake yin asara shi ne lamba. Ɗinkinsu na jikin mutanensu ne. Rigar da aka rubuta wa shekara biyar, yaronmu ɗan shekara uku zuwa huɗu za ta yi wa. Ta tafi da tef ɗin tela a jaka, ta auna faɗin ƙirji da tsayin riga da na wando, ta manta da abin da ke rubuce a wuya. Ta fi yawaita manyan lambobi. Ta buɗe ƙunshi a gaban mai shago ta duba zif da maɓalli da bakin ɗinki, don in an fita ba a mayarwa. Kuma ta riƙa ɗaukar hoton lambar shago da hawan da yake, shagunan kamarsu ɗaya, in ka ce bari in zaga in dawo ba lalle ka sake gane shi ba. Batun nauyi kuma, manyan jiragen da ke tashi daga nan yawanci jaka biyu masu kilo 23 suke ba kowane fasinja. Ku uku jaka shida ke nan. In kun matse kayan sawarku a biyu, huɗu sun zama na sari, kilo 92. A sayi ɗan sikelin rataye a riƙa aunawa a otal, don kuɗin ƙarin kilo a filin jirgi yana iya cinye ribar gaba ɗaya.

Wani abu da Malam bai taɓo ba shi ne yanayi. Disamba ita ce lokacin da Bankok ta fi daɗi, damina ta wuce, zafi ya sauka, da safe har da 'yar iska. Kwala Lumfur kuwa a ƙarshen shekara ruwa ake yi, yawanci da la'asar, mai ƙarfi da tsawa, ya tsayar da motoci cak. Sai dai daɗin nan shi ke jawo baƙi, otal ya yi tsada, musamman makon ƙarshe na wata.

Abinci ban musa ba, sai an sa ido. Akwai halal, amma nemansa ake yi. Titin Phetchaburi lungu na 7 yana kusa da Pratunam, akwai masallacin Darul Aman da rumfunan abincin Musulmi a kewaye. Unguwar Nana, wato Sukhumvit lungu na 3, gidajen abincin Larabawa ne jere, shinkafa da gasasshen rago da gurasa, amma da rana za ku je, da dare unguwar ba ta zuwa da uwa ba ce. Abincin bakin titi kuwa, ko an ce na kaza ne, romon taliyar sau da yawa da ƙashin alade aka dafa shi. In babu tambarin halal ko mai hijabi a bakin tukunya, a wuce.

Alhajin PZ:

Duk ku biyun kun faɗi gaskiya, amma kafin a kai ga zaɓen gari, takarda ce ke yanke hukunci. Ɗan Najeriya yana bukatar biza a ƙasashen biyu, kuma ba a bayarwa a filin jirgi. Dukansu suna da ofishin jakadanci a Abuja. Tailan ta mayar da neman bizarta ta intanet tun farkon 2025. Kada ku biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito, a yi ajiyar kujera da ta otal irin wadda ake iya sokewa.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne takardar wankewa ta hukumar NDLEA, wadda ake nema ga masu zuwa Tailan da Maleshiya. Kowane mutum da tasa, har Hajiya, kuma ana neman masu tsaya wa mutum. Ba abin kwana biyu ba ne. Mai son tashi a Disamba ya fara tun Oktoba. Fasfo kuma ya zama da sauran aƙalla wata shida daga ranar shiga, da shafuka biyu babu komai a kai.

Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, yalo kad. Ana biya ta intanet, a je ofishin lafiya na filin jirgin Kano ko Abuja a yi allurar a karɓi kati. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allura, saboda haka wanda ya yi ana saura mako guda tafiya, katinsa bai nuna ba ranar da zai sauka. In an taɓa yi, allura ɗaya ta isa har abada, katin kawai za a nemo. Ga wanda ya haura sittin kuma bai taɓa yi ba, a fara ganin likita, don allurar tana iya ba tsofaffi wahala. A filin jirgin Suvarnabhumi na Bankok akwai teburin jami'an lafiya kafin a isa wurin jami'an shige da fice. Can za ku fara zuwa da katin. Mutanenmu da yawa sai su bi ayari su shiga dogon layi, su kai gaba a dawo da su baya, awa guda ta tafi. Maleshiya kuwa tana iya killace wanda ya zo babu kati har kwana shida, hutun ya ƙare ke nan.

Akwai kuma fom ɗin isowa da ake cikewa ta intanet cikin kwana uku kafin sauka, MDAC a Maleshiya, TDAC a Tailan. Kyauta ne. Duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa na 'yan damfara ne. A buga tikitin dawowa da takardar otal a takarda, kada a dogara da waya, don jami'i zai iya tambaya alhali ba ka da data. Tailan tana iya neman a nuna kuɗin guzuri, bat (kuɗin ƙasar) 20,000 ga mutum ɗaya ko 40,000 ga iyali, ko kwatankwacinsu a dala.

Naira ba ta canzuwa a can. A sayi dala tun daga gida, 'yan ɗari-ɗari sababbi masu shuɗin zare, marasa tabo ko yagewa ko rubutun biro, don 'yan canjinsu suna mayar da tsohuwar takarda ko su karya mata farashi. A filin jirgi a canza kaɗan na mota da layin waya, sauran a cikin gari. A Bankok ana neman fasfo wurin canji, kuma na'urar cire kuɗi tana cajin sama da bat 200 duk cirewa ɗaya da katin waje. A Maleshiya otal zai karɓi harajin baƙi, ringit (kuɗinsu) 10 kowane ɗaki kowane dare, ba cuta ba ce. Abin da ya wuce dala 10,000 a bayyana shi ga kwastan tun a nan.

Magungunan Hajiya su tafi a kwalayensu na asali da takardar likita. A duba na ciwon gwiwar da kyau, in akwai tiramadol ko kodin a ciki, sai da takardar asibiti mai sunanta, ko likita ya canza mata wani. Kilishi da dambun nama a bar su a gida. Kuma kada wanda ya karɓi saƙon kowa, ko na ɗan'uwa ne, ko ƙulli ne kamar na yaji. Maleshiya ta soke hukuncin kisa na dole a 2023, amma har yanzu alƙali yana da ikon yanke shi a kan safarar ƙwaya. A Tailan kuma a kama baki game da sarkinsu, dokar ɓatanci gare shi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ce.

Wajen sayen tikiti a ce a sa wa Hajiya keken turawa. Kyauta ne, kuma filayen Doha da Istanbul tafiya ce mai nisa tsakanin ƙofa da ƙofa. Ta Kano ya fi muku sauƙi in an samu jirgi ranar, ku kwana can in tashin safe ne.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na karanta wa Hajiya, ta ce ita inda za ta ji kiran salla take so. Maiɗakin kuma ta ce a ajiye mata bayanin Hajiyar Sabon Gari, za ta yi tata tafiyar daban da abokan kasuwancinta. To Malam, a Kwala Lumfur wace unguwa za mu sauka, kuma daga filin jirgi jirgin ƙasa za mu hau ko mota?

Malamin Samaru:

Mota. Filin jirgin yana Sepang, wajen kilomita 50 kudu da gari. Jirgin ƙasa na KLIA Ekspres yana kai wa tashar KL Sentral cikin kusan rabin awa, amma kuɗinsa na kowane kai ne, ku uku ya fi kuɗin mota ɗaya, kuma in kun sauka sai kun sake neman wata motar da jakunkuna. Ka sauke manhajar Grab tun a gida, ka sayi layin waya a filin jirgi da fasfonka, ka kira babbar mota mai kujera shida saboda kaya. Awa guda ce in hanya ta yi kyau, kuɗin ƙofofin hanya ana ɗora shi a kan na mota.

Masauki, ka nemi kewayen Masjid Jamek ko Jalan Tuanku Abdul Rahman. Masallacin tun 1909 yake, a daidai inda kogunan Klang da Gombak suka haɗu, tashar jirgin cikin gari tana ƙofarsa, kasuwar mayafai kuma tafiyar 'yan mintoci ce, maiɗakin ba za ta dawo hannu rabbana ba. Kafin ka biya ka tabbatar otal ɗin yana da lif, don ƙananan masaukai da yawa a tsofaffin benaye suke, matakala ce tsaye tun daga bakin titi. Soket ɗinsu irin namu ne mai ƙafa uku, cajar wayarku za ta shiga. Buta ma ba sai an ɗauka ba, bayan gidansu akwai tiyon ruwa.

Saboda ruwan la'asar, ku riƙa fita da safe ku dawo bayan azahar Hajiya ta miƙe ƙafa. Tikitin Petronas a saya ta intanet kwanaki kafin ranar, yana da lokaci a rubuce kuma yana ƙarewa, sannan yawanci ba sa buɗewa ran Litinin. Ku ware rabin yini ku je Putrajaya, inda ofisoshin gwamnati suke, akwai Masallacin Putra mai ruwan hoda a bakin tafki, mota na sauke mutum kusa da ƙofa. Garin Malaka yana da tarihi, amma awa biyu ce zuwa a bas, biyu dawowa, ga yawon ƙasa a rana, ban ba da shawara da wannan gwiwar ba. Ran Juma'a ka isa masallaci kafin ƙarfe ɗaya, ana cika har waje, kuma Grab tana tsada daga an sallame. Tunda kun yi niyyar zama sama da kwana huɗu a gari ɗaya, a Malikiyya cika salla za ku yi da zarar kun isa, ƙasaru na kan hanya ne kawai, zuwa da dawowa.